Wa Zai Biya Kuɗin Koyon Aiki? Tarihin Harajin Horaswa daga Landan zuwa Jos

A farkon kowace shekara, kafin ranar 1 ga Afrilu, akantan duk kamfanin da ke da ma'aikata 25 ko fiye a Najeriya yana da wani lissafi da doka ta wajabta masa. Zai tara jimillar albashin da kamfanin ya biya a shekarar da ta gabata, ya cire kashi 1 cikin 100, ya tura wa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka fi sani da ITF, mai hedikwata a Jos. Kamfanin da albashinsa na shekara ya kai naira miliyan 120, alal misali, zai biya naira miliyan 1.2. A kamfanoni da yawa wannan kuɗi yana shiga sahu ɗaya da sauran haraji: a biya, a karɓi takardar shaida, a ajiye ta a fayil.

Sai dai dokar da ta ɗora wannan nauyi ta zo da alkawari. Kamfanin da ya horar da ma'aikatansa ta hanyar da asusun ya gamsu da ita yana da damar neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. Wannan tsari na karɓar kuɗi daga kowa, a mayar wa wanda ya koyar, ya haura shekara 50 a Najeriya, kuma tushensa ya kai shekara 100 a Turai. An ƙirƙiro shi ne don amsa wata tsohuwar tambaya: wa zai ɗauki nauyin koyar da ma'aikacin da zai iya ajiye aiki gobe? Tarihin ƙasashen da suka gwada shi ya nuna cewa yana aiki gwargwadon yadda masu biya suke ganin kuɗin a matsayin nasu, wanda za su iya dawo da shi ko su faɗi yadda za a kashe shi. Duk inda wannan ya ɓace, sai ya koma haraji zalla.

Matsalar da ta haifi harajin

A tsarin sana'o'in gargajiya na ƙasar Hausa, tambayar ba ta cika tasowa ba. Yaron maƙera yakan shafe shekaru yana jan zugazugi da ɗebo gawayi kafin a bar shi ya riƙe guduma. A marina da majema da rumfar dukawa ma haka abin yake. Maigida yana ciyar da yaron, yana jure ɓarnar da yake yi ta kayan aiki a shekarun farko. Idan hannun yaron ya faɗa, aikin da yake yi ya fi abin da ake kashe masa daraja, kuma wannan rarar ita ce ladan koyarwa. Zumunci da kunya da ikon sarakunan sana'a su ne suka hana yaron tafiya kafin lokaci. Garejin kanikawa na yau ya gaji wannan tsari kusan yadda yake, daga wanke sassan inji da miƙo sifana har zuwa ranar yaye.

Ingila ta yi irin wannan tsari, har ta mayar da shi doka. A 1563, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, aka zartar da cewa ba wanda zai buɗe sana'a sai ya yi shekara bakwai yana koyo a hannun ubangida. Dokar ta rayu har 1814, lokacin da majalisa ta soke wannan sharaɗi, domin masu sababbin masana'antu suna ganin yana ɗaure musu hannu. Daga nan ma'aikaci ya zama mai albashi, mai 'yancin tafiya inda aka fi biya. Mai masana'antar da ya kashe kuɗi da lokaci ya koyar da matashi aikin inji sai ya wayi gari maƙwabcinsa, wanda bai kashe ko kwabo ba, ya ƙara wa matashin albashi ya janye shi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Idan kowane mai masana'anta ya yi wannan lissafi, kowa zai jira wani ya koyar, ƙasa kuma ta rasa ƙwararru.

Masanin tattalin arziki na Jami'ar Cambridge, A. C. Pigou, ya bayyana wannan giɓi a 1912. Bayan rabin ƙarni, a 1964, Gary Becker na Amurka ya raba ƙwarewa gida biyu. Akwai wadda ba ta da amfani sai a kamfanin da aka koye ta, kamar sanin tsarin ajiyar kayansa ko halin wani injinsa na musamman. Wannan kamfani zai biya kuɗinta da kansa, tunda ba mai sace ta. Akwai kuma wadda ke tafiya da mutum duk inda ya je, kamar walda ko aikin lantarki ko lissafin kuɗi. Wannan, a ganin Becker, ma'aikacin ne zai biya, ta hanyar haƙura da ƙaramin albashi yayin koyo. Abin da ya rage shi ne matashin da ba shi da ƙarfin yin shekara uku yana karɓar abin da ba zai ciyar da shi ba, kuma ba bankin da zai ba shi bashi a kan sana'ar da bai riga ya iya ba. Harajin horaswa ya taso ne don cike wannan gurbi: a tilasta wa duk masu ɗaukar ma'aikata su zuba a tukunya ɗaya, ta yadda mai janye ƙwararrun wasu ma ya biya wani abu daga kuɗin koyar da su.

Hanyar Faransa da hanyar Brazil

Faransa ce ta fara. A dokar kasafin kuɗinta ta Yulin 1925 ta sanya harajin koyon sana'a a kan albashin da kamfanoni ke biya, tare da rangwame ga kamfanin da ya kashe kuɗi a kan masu koyo ko ya tallafa wa makarantar fasaha. A Yulin 1971 ta ƙara wata doka, wadda ake danganta wa Jacques Delors, da ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 10 ko fiye ya kashe aƙalla kashi 0.8 cikin 100 na albashi wajen ƙara wa ma'aikatansa ilimi, in kuma ya gaza ya biya cikon ga baitulmali. Ma'anarta a taƙaice ita ce ka koyar ko ka biya. Ƙasashen da Faransa ta raina sun gaji harajin koyon sana'a. A Nijar, shi ne aka tanada ya riƙa ciyar da asusun tallafa wa koyon sana'o'i da ake kira FAFPA. Kukan da aka daɗe ana yi a ƙasashen yankin masu amfani da Faransanci shi ne kuɗin yakan fara shiga baitulmali, sai wani kaso kawai ya isa asusun da aka karɓa dominsa.

Brazil ta bi wata hanya. A Janairun 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da shigo da kaya da ƙwararru daga Turai ya yi wuya, Shugaba Getulio Vargas ya sa hannu a dokar kafa SENAI, hukumar koyar da aikin masana'antu. Gwamnati ce ta tilasta biyan kuɗin, wanda daga baya ya tsaya a kashi 1 cikin 100 na albashi, amma ta miƙa ragamar hukumar ga ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa. Masu biya su ne suka gina makarantun, su ne suke faɗin irin sana'ar da za a koyar da irin injin da za a saya. Ɗaya daga cikin yaran talakawa da suka koyi aikin injin sassaƙa ƙarfe a SENAI a farkon shekarun 1960 shi ne Lula da Silva, wanda ya zama shugaban ƙasar. Kolombiya ta kwaikwayi tsarin a 1957, wasu ƙasashen Kudancin Amurka suka biyo baya, kuma SENAI tana nan daram fiye da shekara 80 bayan kafa ta.

Gwajin Birtaniya na 1964

Tsarin da Najeriya ta fi kama da shi na Birtaniya ne. A ƙarshen shekarun 1950 masana'antun Birtaniya suna kukan ƙarancin ƙwararru, ga kuma ɗimbin yaran da aka haifa bayan yaƙi suna gab da barin makaranta. Gwamnati ta fara da roƙon kamfanoni su ƙara ɗaukar masu koyo don raɗin kansu, roƙon bai haifar da abin kirki ba. A 1964 majalisa ta zartar da Dokar Horaswa ta Masana'antu, wadda ta ba minista ikon kafa hukuma ga kowane ɓangare na masana'antu, mai wakilan masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago da malaman fasaha. Kowace hukuma tana sanya haraji a kan kamfanonin ɓangarenta, sannan ta raba tallafi ga waɗanda horaswarsu ta cika ƙa'ida. Manufofin uku ne: a samu isassun ƙwararru, a kyautata ingancin koyarwa, a raba nauyin kuɗin da adalci tsakanin kamfanoni.

Kafin 1970 an kafa hukumomi 27 da suka shafi ma'aikata kusan miliyan 15. Hukumar injiniyanci, wadda ta fi kowace girma, ta sanya kashi 2.5 cikin 100 na albashi, adadin da ya isa ya sa kowane darakta ya tambayi yadda zai dawo da kuɗinsa. Kamfanoni suka buɗe sassan horaswa, suka ɗauki jami'ai na musamman. Ba a jima ba kuma ƙorafi ya taso. Ƙananan kamfanoni suka ce suna biya amma ba su da ma'aikacin da zai zauna cike takardun neman tallafi. Wasu suka ce ana shirya kwasa-kwasai ne don su dace da fom ɗin hukuma, ko da aikin bai buƙace su ba. A 1973 aka sassauta dokar, aka yafe wa ƙananan kamfanoni da waɗanda suka nuna suna horaswa yadda ya kamata, aka kuma taƙaita harajin a kashi 1 cikin 100 sai da izini na musamman. Gwamnatin Margaret Thatcher ta rusa 16 daga cikin hukumomi 23 da suka rage a farkon shekarun 1980, kusan dukan sauran suka bi su bayan shekara goma.

Biyu kawai suka tsira da ikon karɓar haraji har yau: hukumar gine-gine da ta gina manyan masana'antu. Dalilin tsirarsu yana da ma'ana. A aikin gini ma'aikaci yana tashi daga wannan fili zuwa wancan da zarar kwangila ta ƙare, don haka matsalar janye ƙwararru ta fi tsanani a nan, kuma masu kamfanonin da kansu suna ganin amfanin tukunya ɗaya. Lokaci lokaci ana tuntuɓarsu ko sun amince a ci gaba da karɓa, kuma amincewarsu ce ke riƙe da tsarin.

Najeriya a 1971

Kafin samun 'yancin kai, horaswar fasaha a Najeriya tana hannun manyan ma'aikatu kaɗan. Hukumar jiragen ƙasa da Sashen Ayyuka da gidan waya da kamfanoni irin su UAC kowanne yana da makarantarsa, yana koyar da daidai adadin da yake buƙata. Manyan muƙaman injiniya da na gudanarwa kuwa Turawa ne a kansu. Kwamitin Sir Eric Ashby, wanda ya miƙa rahotonsa a 1960 tare da ƙiyasin buƙatar ma'aikata da Frederick Harbison ya yi, ya yi gargaɗin cewa ƙasar tana fama da ƙarancin ma'aikata na tsakiya, wato masu fasahar da ke tsakanin injiniya da lebura. A Arewa giɓin ya fi faɗi. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu masaƙu suka biyo ta a shekarun 1960, unguwar masana'antu ta Bompai a Kano tana cika, amma cibiyar fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968, da 'yan makarantun koyon sana'a ba su isa su wadatar da su ba.

Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙaddamar da shirin raya ƙasa na biyu, na 1970 zuwa 1974, kuɗin man fetur ya fara shigowa, kuma ana shirin mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa. A wannan yanayi aka kafa ITF da dokar soja mai lamba 47, ranar 8 ga Oktoba, 1971, gwamnatin tarayya ta ba shi fam 500,000, daidai da naira miliyan 1, don ya tashi. Bayan 'yan watanni, a 1972, dokar mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni ta fito, wadda ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan Najeriya kaɗai, ta kuma wajabta a sayar musu da kashi 40 cikin 100 na hannun jarin wasu. An tsaurara ta a 1977. Dokokin biyu suna tafiya tare, domin mallakar hannun jari ba ta da wani amfani idan babu 'yan ƙasa da za su iya tafiyar da injin da kuma ofishin.

ITF ya ɗauki tsarin Birtaniya na haraji da tallafi, amma da bambanci babba. Maimakon hukuma ga kowane ɓangare, aka yi asusu guda na ƙasa baki ɗaya, ƙarƙashin gwamnatin tarayya, da majalisar gudanarwa mai wakilan ma'aikatun gwamnati da masu kamfanoni da 'yan ƙwadago. Masaƙa da banki da kamfanin gini duk tukunyarsu ɗaya. Kamfani mai ma'aikata 25 ko fiye shi ne ke biya. An fara da kaso mai nauyi, sannan aka sassauta shi a cikin shekarun 1970 har ya tsaya a kashi 1 cikin 100, kuma doka ta yarda a mayar wa mai horaswa har kashi 60 cikin 100 na abin da ya zuba.

Shekarun farko sun dace da bunƙasar masana'antu. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a Kaduna a 1975, matatar man Kaduna a 1980, masana'antun sarrafa ƙarfe suka tashi a Jos da Katsina, Sharaɗa da Challawa suka bi sahun Bompai. A 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin da ya fi kowane aikinsa shahara, wato SIWES, wanda ke tura ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha su yi watanni a masana'antu. Dalilinsa shi ne kukan masu kamfanoni cewa masu digiri suna zuwa da ilimin littafi ba tare da sun taɓa injin da hannunsu ba. Asusun ya ɗauki nauyin shirin shi kaɗai har kuɗin ya fi ƙarfinsa. A 1979 aka miƙa shi ga hukumar jami'o'i da hukumar ilimin fasaha, a 1984 aka dawo da gudanarwarsa hannun ITF, gwamnatin tarayya kuma ta ɗauki biyan kuɗin. Alawus ɗin ɗalibi ya daɗe a naira 2,500 a wata, har darajar kuɗin ta zube ya kasa biyan ko kuɗin mota.

Lokacin da masana'antu suka durƙushe

Harajin da aka ɗora a kan albashi yana rayuwa ne da yawan masu albashi. Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980, da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da faɗuwar naira, da matsalar lantarki, da kwararar kayan waje ta kan iyakoki, sun haɗu sun karya masana'antun da aka kafa asusun dominsu. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007, rumbunan Sharaɗa da Bompai da yawa suka koma wurin ajiye kayan da aka shigo da su. Dubban ƙwararrun da aka kashe kuɗi aka horar suka koma acaba da ƙananan sana'o'i. Kamfanin da ke fafutukar biyan albashi kuwa sashen horaswa ne yake fara rufewa.

A wannan lokaci ne gwamnati ta fara waiwayar masu sana'ar hannu. Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, da gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1986, ta fito da shirin da ke haɗa matasa marasa aiki da kanikawa da kafintoci da teloli, tana ba ubangida ɗan ihisani, tana ba yaro ɗan alawus. Wannan amincewa ce da gaskiyar da harajin horaswa bai hango ba: mafi yawan koyon aiki a ƙasar yana faruwa ne a wuraren da ba su da takardar albashi.

Gyaran 2011 da na 2023

A 2011 aka yi wa dokar ITF gyara mafi girma tun kafa shi. An saukar da ma'aunin biya daga ma'aikata 25 zuwa 5, aka kuma shigar da duk mai cinikin naira miliyan 50 a shekara ko da ma'aikatansa ba su kai biyar ba. An rage abin da ake mayarwa daga kashi 60 zuwa kashi 50 cikin 100. Sannan aka ɗaura harajin da wasu ƙofofi: mai neman kwangilar gwamnatin tarayya, da mai neman izinin kawo ma'aikata daga waje, dole ya nuna shaidar cewa ya biya. Gyaran ya ƙarfafa hannun karɓa, ya rage hannun mayarwa. Ga ɗan kwangila mai ma'aikata shida, dalilin biya ya zama samun takardar shaida, batun horaswa kuma bai ma shigo lissafinsa ba. A Fabrairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, wadda ta mayar da ma'aunin zuwa ma'aikata 25, ta kuma cire kamfanonin da ke yankunan ciniki marasa haraji.

Lissafi mai sauƙi yana nuna iyakar ƙarfin wannan tallafi. A ɗauki kamfani mai ma'aikata 25, kowanne yana karɓar naira 100,000 a wata. Albashin shekara ya kama naira miliyan 30, harajin naira 300,000, mafi yawan abin da za a mayar naira 150,000, wato naira 6,000 a kan kowane ma'aikaci. Kafin a samu wannan, sai kamfanin ya kasance ba a binsa bashi, ya miƙa tsarin horaswarsa na shekara, ya sami amincewar asusun, ya kashe kuɗinsa ya yi horaswar, sannan ya kawo rasit da sauran hujjoji. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babban banki ko kamfanin mai ko na sadarwa, mai sashen kula da ma'aikata da albashin biliyoyi, zai ga ribar bin wannan hanya, alhali da ma zai horar da ma'aikatansa ko babu tallafi. Ƙaramin kamfani, wanda shi ne tallafin zai fi sauya wa shawara, sau da yawa yakan ga wahalar ta fi kuɗin. Wannan shi ne ainihin ƙorafin da ya raunana hukumomin Birtaniya.

Abin da ya rage a asusun yana tafiya ne wajen gudanar da shi da kuma horaswar da yake yi da kansa, a cibiyoyinsa na Ikeja da Kano da Lokoja da Abuja da Bukuru, da shirye-shiryen koyar da matasa sana'o'i a jihohi. Aikinsa da ya fi kusa da salon Brazil shi ne haɗin gwiwar da ya yi da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA, inda ake koyar da matasa a cibiyoyin kamfanonin da kansu, a kan injinan da ake aiki da su a zahiri.

Darasin da wasu suka sake koya

Birtaniya, bayan shekaru da dama tana dogaro da ganin damar kamfanoni, ta dawo da harajin a Afrilun 2017. Kamfanin da albashinsa ya wuce fam miliyan 3 a shekara yana biyan kashi 0.5 cikin 100, kuɗin yana shiga wani asusu na intanet da sunansa, yana kashe shi wajen koyar da masu koyon aiki, abin da bai kashe ba cikin wata 24, bisa ƙa'idar da aka fara da ita a 2017, ya koma hannun gwamnati. Sakamakon farko ya zo da ba-zata. Adadin masu fara koyon aiki a Ingila ya sauka daga kusan 495,000 a shekarar 2016 zuwa 2017, ya koma kusan 376,000 a shekarar da ta biyo. Manyan kamfanoni da dama sun karkatar da kuɗin zuwa manyan kwasa-kwasai na ma'aikatan da suke da su, har da na manajoji, guraben matasa masu barin makaranta kuma suka ragu.

Afirka ta Kudu ta kafa nata harajin da dokar 1999, ya kai kashi 1 cikin 100 a 2001, ta kuma raba shi ga hukumomin ɓangarori irin na Birtaniya ta dā. A ƙa'idojin da suka fara aiki a 2013 gwamnati ta rage abin da ake mayar wa kamfani kai tsaye daga kashi 50 zuwa kashi 20 cikin 100, lamarin da ya kai ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ga shigar da ƙara, aka shafe shekaru ana shari'a.

Idan aka jera waɗannan tarihai, abubuwa uku ne ke rarrabe wanda ya ɗore da wanda ya lalace. Na farko shi ne wanda ke riƙe da jakar: inda masu biya suke da murya ta gaske, kamar Brazil da ɓangaren gini na Birtaniya, sun kare tsarin da kansu. Na biyu shi ne girman abin da ake mayarwa idan aka gwada shi da wahalar nemansa. Na uku shi ne ko kuɗin yana sayen horaswar da ba za a yi ba in babu shi, ko kuwa yana biyan wadda da ma za a yi.

Najeriya tana da ƙarin matsala ta huɗu. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 'yan shekarun nan sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna wajen tsarin aiki na hukuma. Mai garejin da ke da yara goma sha biyu, da mai walda a kasuwar Panteka ta Kaduna, da telan da ya yaye yara fiye da yadda zai iya ƙirgawa, ba sa biyan harajin, kuma ba abin da ake mayar musu, duk da cewa su ne ke koyar da mafi yawan matasan ƙasar. Igiyar da ke riƙe yaro a hannunsu ma ta fara sakewa, domin babur ɗin haya yana ba shi kuɗi yau, sana'a kuwa sai bayan shekaru. A filayen gini na Abuja da Legas ana yawan ganin masu tayil da filasta daga Togo da Benin, a ƙasar da matasanta ke neman aiki. Ƙoƙarin da hukumar ilimin fasaha ta NBTE da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suka fara na gwada masu sana'ar Panteka a ba su takardar shaidar ƙwarewa mataki ne na shigo da su cikin lissafi, amma kuɗin horaswa na ƙasa har yanzu yana zagayawa ne tsakanin masu takardar albashi.

Ga kamfanin da ke biya, hanyar da doka ta buɗe tana nan: a tsara horaswar shekara tun da wuri, a nemi amincewar ofishin ITF na yanki kafin a fara, a adana hujjar kowane kwabo, a nemi rabin da doka ta yarda a mayar. Ga ƙungiyoyin masu masana'antu da 'yan kasuwa, waɗanda ke da kujeru a majalisar asusun, tambayoyin da tarihi ya bar musu a bayyane suke: nawa aka karɓa a bara, nawa aka mayar, kamfanoni nawa ne suka samu, kuma nawa ne daga cikinsu ƙanana. Amsar waɗannan ita ce za ta nuna ko abin da akanta ke turawa Jos kafin 1 ga Afrilu yana yin aikin da aka kafa shi dominsa a 1971.